Yadda Ake Kai Yara Gidan Zu Daga Ƙauye a Dawo da Su Cif

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato, magana ɗaya ce a bakin yaran garinmu: wa za a kai Kano, wa za a bari. Yaron da aka taɓa kaiwa Gidan Zu kuwa ya zama malamin dandali, sai ya yi wata uku yana kwatanta wa 'yan uwansa yadda zaki ke hamma. Ni na ja ayarin yara zuwa can sau huɗu daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim, biyu da 'ya'yan gidanmu, biyu da ɗaliban Islamiyya. A tafiyar farko saura ƙiris in dawo babu ɗaya daga cikinsu. Mafi yawan abin da zan faɗa a nan, wannan ranar ce ta koya mini shi.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, wurin ba keji ne kawai aka jera ba. Makeken lambu ne a cikin birni, da manyan bishiyoyi da hanyoyin ƙafa da wuraren zama da lilon yara, dabbobin kuma kowace da ɓangarenta. Sunan marigayi Audu Bako aka sa masa, Kwamishinan 'Yan Sandan da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma a zamaninsa aka kafa shi, farkon shekarun 1970, lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Tiga. Mu mutanen Jigawa kada mu ɗauka kayan wasu ne. Sai a 1991 aka yanke mu daga Kano, don haka akwai gumin iyayenmu a ciki.

Zaɓen rana

Kowa ranar Sallah yake so, kuma ban ga laifin kowa ba, yaro yana son a ga sabon ɗinkinsa. Amma in dabbobi kuka je gani, kwana ukun farko na Sallah ba naku ba ne. Mutanen birni da na ƙauyuka duk can suke nufa, layin tikiti ya kai titi, ƙaramin yaro kuma ba abin da zai gani sai bayan manya. Ga kuma hawan Sarki a shekarun da ake yi: Hawan Daushe washegarin Sallah, Hawan Nassarawa a rana ta uku, tituna da dama a toshe. Ku bari sai rana ta huɗu ko ta biyar, kayan Sallah ba su tsufa ba, cunkoso kuma ya lafa. Wanda ya fi wannan ma shi ne ranar aiki a cikin hutun makaranta, ka ga lambun kamar naku ne ku kaɗai.

A shekara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. An gama kaka, da ɗan abu a aljihu, rana kuma ba ta cizo. Sai dai in hazo ya yi yawa, yaro mai asma a sa masa takunkumi kuma a ɗauko maganinsa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana wuce digiri 40, wannan ba lokacin yawo da ƙananan yara ba ne. Da damina lambun ya fi kyau, komai kore shar, amma wa zai bar noma, kuma ruwan Agusta ba ya neman izini.

Rana biyu ku kiyaye. Juma'a: masallatai na cika har kan titi da rana, masu biyowa ta Wudil kuma ranar kasuwarsu ce, motocin shanu kaɗai sun ishe ku. Sai Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, da ake hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Wanda ya yi sammako a wannan ranar a bakin gari zai yi zaman jira.

Ana gobe tafiya, ka buga wa wani ɗan uwa da ke birni waya ya tabbatar maka da abu uku: ƙarfe nawa ake buɗe ƙofa, nawa ne kuɗin babba da na yaro a yanzu, kuma ana barin a shiga da abinci. Farashi yana canjawa, musamman da Sallah, kada ka yi lissafi da na wanda ya je bara.

Mutane da kuɗi

Babba ɗaya, yara biyar. Abin da ya wuce haka kiwo ne ba rakiya ba. Yaron da bai kai shekara biyar ba, da uwarsa ko yayarsa babba zai tafi, in babu a bar shi a gida, badi ma rana ce. In akwai 'yan mata a tafiyar, dole a samu babbar mace ɗaya, ko don zancen bayan gida. In ɗaliban makaranta ne, kowane yaro sai mahaifinsa ya ce maka "na yarda" da bakinsa, ba saƙon da yaron ya kawo ba. Rubuta sunayen kowa a takarda biyu, ɗaya a aljihunka, ɗaya a hannun wani babba.

Kuɗi ka kasa shi huɗu tun a gida: na mota zuwa da dawowa, na shiga, na lilo da ruwa da tsaraba, sai na ko-ta-kwana. Na dawowa a ɗaure shi daban a ba wa wadda ta fi kowa riƙo, kada a taɓa ko da yara sun yi kukan jini a gaban mai askirim. Ka nemi canji, 'yan 100 da 200 da 500, domin mai adaidaita da mai lilo ba sa rasa cewa babu canji. Kada ka dogara da tura kuɗi ta waya ko mai POS. Ranar taro sabis yakan yi nauyi, kuɗi ya fita daga asusunka bai shiga na mai kaya ba, ku tsaya kuna kallon juna.

Mota

In kun kai goma, ku ɗauki shata. Ya fi tsada a ido, amma in ka haɗa kuɗin tasha da na adaidaita uku zuwa da dawowa, ka ƙara da wahalar tsallaka titi da yara, za ka ga shatar ta fi araha. A yi ciniki a gaban shugaban tasha ko wani dattijo, a faɗi komai a fili: nawa ne, man fetur a kan wa, ƙarfe nawa za a tashi, kuma direba zai tsaya ya jira ko kuwa. A ba shi rabi, rabi sai an dawo gida. Wannan na ƙarshen da dalili na faɗe shi. A tafiyarmu ta biyu na biya direba duka tun da safe, don ganin ɗan gari ne. Muna shiga lambu ya ce bari ya ɗan yi lodi ɗaya ya dawo. Sai bayan isha'i muka gan shi, yara sun yi barci a kan tabarma a bakin titi.

In motar tasha za ku hau, inda za ku sauka ya danganta da inda kuka fito. Mutanen Ringim, Gumel da Haɗejia da ke biyowa ta Gezawa, 'Yankaba ce tasharsu. Na Dutse, Birnin Kudu da Gaya ta Wudil suke shigowa, su sauka Unguwa Uku. Na Rano, Kura da Tudun Wada Titin Zariya suke biyowa zuwa Na'ibawa ko Unguwa Uku. Waɗannan su suka fi kowa sa'a, don daga nan zuwa mahaɗar Dangi ba nisa, daga Dangi kuma sai a karya Titin Gidan Zu. Na Kazaure, Ɗambatta da Bichi Ƙofar Ruwa, na Gwarzo da Ƙaraye ta Kabuga. Daga kowace tasha adaidaita sahu za ku nema, tunda an hana acaɓa a cikin birnin tun 2013. A gama ciniki kafin a hau, kowane adaidaita da babba ɗaya a ciki, yara a tsakiya ba a bakin ƙofa ba, kuma ka duba lambar da ke rubuce a jikinsa ka riƙe.

Guzuri

Nan ne mata suka fi mu sani, amma ga abin da na gani da idona. Abincin da ke jure zafi shi ake ɗauka: shinkafa da wake da mai da yaji a cikin kula, dambu, soyayyen naman Sallah, dafaffen ƙwai, cincin, ƙuli-ƙuli, dabino, gurasa. Alale da duk abin da aka yi da miyar tumatir kafin azahar sun fara canja wari. Fura da nono in ba ƙanƙara ta yi tsami ta kumbura, kunun aya kuwa ya fi kowa saurin lalacewa, kuma shi ne ke ɓata cikin yara a hanya. In ana son zoɓo, a kai shi wurin mai firji tun daren jiya ya daskare, zai narke a hankali ya zama shi ne ƙanƙarar sauran kaya.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci. A lissafa wa kowane yaro leda huɗu aƙalla, babba shida, a sayi jaka a tasha, ya fi sauƙi kan sayen ɗaiɗai a ciki. Sai tabarma biyu, buta, sabulu, babbar leda ta zuba shara, da wandon canji ga ƙanana. Yara su karya kumallo a gida amma kada a cika musu ciki, mai amai a mota a zaunar da shi gaba kusa da taga da leda a hannu.

Takalmi: wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmin Sallah kafin awa biyu ya tayar da bororo, ka ƙare da goyon yarinya 'yar shekara takwas.

Safiyar tafiya

Ku tashi da an idar da sallar asuba. Kafin a shiga mota, a yi abu uku da ba za su ci minti goma ba. A rubuta lambar wayarka a 'yar takarda a sa a aljihun kowane yaro, marasa aljihu a rubuta musu da biro a damtse. A ɗauki kowa hoto da waya a cikin kayan da ke jikinsa, domin in yaro ya ɓace, nuna hoto ya fi "wani ɗan baƙi ne mai shuɗiyar riga". Sannan a haɗa su biyu-biyu, babba da ƙarami, a ce wa babban: wannan amanarka ce har mu dawo. In anko suka yi, ya ƙara sauƙi, daga nesa kake hango naka. Waya kuma ta kwana a wurin mai caji, ta cika.

A bakin ƙofa

Mutum ɗaya ne zai shiga layin tikiti, sauran su tsaya gefe a inuwa. Ka karɓi tikitinka a hannu ka adana har ku fito, kuma a tagar sayarwa za ka biya, ba a hannun wanda ya tare ka ya ce zai shigar da ku da sauƙi ba. Inda duk ake turereniya akwai 'yan sane. Waya a aljihun gaba, jakar mata a gaba, kuɗi ba a aljihun gefe na babbar riga ba.

Da kun shiga, kafin kowa ya ruga, tsayar da su ka nuna musu abu ɗaya da ba ya motsi kuma ba ya ɓoyuwa, ƙofar shiga ko wata babbar bishiya kusa da ita. Ka ce duk wanda bai ga 'yan uwansa ba, nan zai zo ya tsaya, kada ya fita waje, kada ya bi kowa. Sa su maimaita.

A ciki

Tsarin da ya fi yi mini aiki shi ne dabbobi da farko, abinci da sallah a tsakiya, lilo a ƙarshe. Dabbobi da sanyin safiya suke motsi, rana na ɗagawa kowace ta nemi lungu. Lilo kuwa in yaro ya fara hawa ba ya sauka, kuɗi ma ba ya tsayawa.

Kada a yi sauri. Mu manya muna da halin mu leƙa keji mu ce "to, mun gani, mu je gaba", alhali yaro bai gama kallon ƙafar jimina ba. Bar shi ya ƙirga yatsunta, biyu ne kacal. Gaya masa ita ce mafi girma a cikin tsuntsaye, ba ta tashi sama amma tana gudun da ya kai kilomita 70 a awa, ƙwanta ɗaya kuma ya kai na kaza wajen 24. Sai dai a ja baya da 'yan kunne da agogo, tana son cafkar abu mai ƙyalli. Shi kuwa kada, in ya buɗe baki ya yi shiru kamar gungume, ba mutuwa ya yi ba, zafi yake fitarwa. Zaki kuwa mafi yawan yini barci yake yi, haka Allah Ya yi shi ko a daji. Za ka ga samari suna jifansa da tsakuwa wai ya tashi ya yi ruri. Kada ka bari naka su koya, zalunci ne, kuma ma'aikata na iya fitar da ku.

A tafiya ta uku mun je da Inna, yayar mahaifina, wadda ita ce ke yi wa yaran gidan tatsuniya. Da muka iso wurin kura, ƙaramar jikarta ta riƙe mata zani ta ce, "Inna, wannan ce wadda Gizo yake yi wa wayo?" Inna ta daɗe tana kallon dabbar, ƙafafun gaba dogaye, na baya gajeru, tana kai da kawowa tana wari. Can ta ce, "Ita ce, 'yar nan. Amma yau na ga Gizo ma ƙarfin hali ne da shi." Ta juyo gare ni ta ce tun tana yarinya rabonta da ganin kura, lokacin da gardawa ke zuwa da ita kasuwa da takunkumi a baki. Mun fi rabin awa a wurin, ba wanda ya ce a tafi.

Birai su ne abin tsoro, ba zaki ba, domin su ne ake raina wa. Hannunsu na fitowa ta tsakanin ƙarfe, su fizge hula ko mayafi ko ledar gyaɗa. Kada yaro ya miƙa musu abinci, kada ya haye shingen da aka yi a gaban keji ko da hularsa ce ta faɗa, a kira ma'aikaci. In tsautsayi ya sa biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a wuce asibiti a ranar, a gaya musu biri ne, domin a duba zancen allurar haukan kare. Ba a ɗaure irin wannan ciwo da tsumma a ce sai an koma gida.

Wani abu da na lura, yaranmu na ƙauye sun fi na birni sanin bishiya. Sa su gasar faɗin sunan duk wadda kuka wuce, ka ji yadda suke rarrabe darbejiya da maɗaci tun daga ɓawo. Yana cire musu jin cewa su baƙi ne a wurin. Furanni dai a kalla, kada a tsinka. 

Rana tsaka

Daga sha biyu zuwa biyu a nemi inuwa a shimfiɗa tabarma, nesa da keji saboda ƙuda da wari. A wanke hannu da sabulu kafin a ci, yara sun taɓa kowane ƙarfe a lambun. A riƙa ba su ruwa ko ba su nema ba, wasa yana mantar da su ƙishi. Yaron da ya yi laushi, yana jiri ko ciwon kai, a kwantar da shi a inuwa, a sassauta masa riga, a shafa masa ruwa a yi masa fifita. In gudawa ce, a haɗa ruwan gishiri da sukari: leda biyu na ruwa, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In ya fara ruɗewa ko ya suma, sai asibiti, lambar gaggawa kuma 112 ce.

Sallar azahar a yi ta kashi biyu, wasu na yi wasu na tsaron yara da kaya. Wanda tafiyarsa ta kai mil 48 yana da damar ƙasaru a mazhabar Malikiyya, ku tambayi liman tun a gida ko nisan garinku ya kai.

A daidai wannan lokacin ne na yi ɓatan da na ambata. Duk manyan muka tayar da sallah tare, muna sallamewa na ƙirga na ga goma sha ɗaya maimakon sha biyu. Ɗan ƙanena ne, shekararsa shida, ba takarda a aljihunsa, ba hoto, ban nuna musu wurin haɗuwa ba. Kuskuren da muka ƙara shi ne duk muka watse nema, har wasu biyu suka so su ɓace. Bayan kusan minti ashirin wata mai sayar da awara ta riƙo hannunsa, wai mai balan-balan ya bi. Abin da ya kamata: babba ɗaya ya zauna da sauran yara kada su motsa, ɗaya ya ruga bakin ƙofa ya sanar da masu gadi don kada a fita da shi, ɗaya ya koma wurin da aka gan shi na ƙarshe. Fara da inda ake sayar da kayan wasa da wurin birai.

Lilo da hoto

Yanzu a sake su. A faɗa wa kowa sau nawa zai hau tun kafin a fara, a tsaya a kai. Ka duba sarƙa da mazauni da idonka, ƙarami kada ya hau na manya, 'yan mata a ɗaure musu gefen hijabi kada ya sarƙe. Masu hoto za su biyo ku, a yi ciniki kafin su ɗauka, kuma kada a biya sai hoton ya zo hannu. Samarin da ke cikin ayarinku a ja musu kunne, ba a ɗaukar iyalin mutane a waya.

Komawa

Da an yi la'asar a naɗe tabarma, a tattara shara a leda. Yara za su ce saura kaɗan, kada ka saurara. Daga ƙarfe biyar titunan Kano suke cushewa, hanyar ƙauye kuma ba ta son dare, ga ramuka ga motocin da ba fitila. Kowa ya zaga bayan gida kafin a hau mota. Tsaraba a saye ta a tasha ko bakin hanya, burodi da lemo sun wadatar, kada a manta da yaran da aka bari a gida.

A cikin mota, kafin direba ya tayar, fito da takardar nan ka kira suna ɗaya-ɗaya, kowa ya amsa da bakinsa. Ƙirga kai yana ruɗi, ɗan wasu ma yana iya shigowa cikin naku a ƙirga da shi. Duk inda aka tsaya shan mai ko sallar magariba, a sake kira. In kun iso gari, kowane yaro a miƙa shi hannun gidansu, sannan a cika wa direba ragowar rabinsa.